Ƙulli Biyu Tsakanin Agadas da Balma

Ku da kuke zaune a bencin nan kuna latsa waya, na ji abin da ɗayanku ya ce jiya, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Wai aikin da na shafe shekara talatin ina yi, yau ɗan firamare zai gama shi da babban yatsa kafin shayi ya huce. A rubuta sunan gari, a rubuta sunan wani garin, waya ta ce nisa kaza ne, jirgi zai ci awa kaza. To madalla. Ni dai tambayata ɗaya ce: wa ya gaya wa wayar? Kun san shi? Kun san gidan ubansa? In ya tura ku inda babu jirgi, ƙofar wa za ku je ku buga? Ni tawa aka sani, kuma an buga ta.

Salifu Tikiti ake ce mini daga Nima har Mamobi a nan Akra, har akwai waɗanda suka ɗauka Tikiti sunan mahaifina ne. Amma sayar da tikiti shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban ɓangaren shi ne rashin yarda. Ba ka yarda da takarda, ba ka yarda da hatimi, ba ka yarda da mai kwat, mai babbar riga ma sai ka ƙara dubawa. Wanda ya koya mini haka shi ne maigidana, Baba Mumuni, mutumin garin Wa, wanda ya yi aikin akawu a filin jirgi kafin ya buɗe ɗan ofishinsa a Kokomlemle, ɗaki ɗaya a bayan shagon wani tela. Can babana ya kai ni a tsakiyar shekarun saba'in, da na gama makarantar midil ina yawon banza a unguwa.

Shekarata ta farko ko tikiti ban taɓa ba. Shara, ɗebo ruwa, sai bin layi a babban ofishin cikin gari wanda muke aiki a ƙarƙashinsa. Sai kuma littafin. Akwai wani littafi mai kauri kamar bulo biyu a haɗe, rubutunsa ƙanana kamar ƙwan tururuwa, a ciki aka jera jiragen duniya: inda kowanne zai tashi, ranar da zai tashi, lokacin sauka, da lamba a gefe mai nuna sau nawa zai tsaya a hanya. Wata-wata ake fitar da sabo, mu kuwa na watan da ya wuce muke samu a hannun wani akawu, don haka kullum muna bayan duniya da wata guda. Baba kan buɗe shafi ya ce in fitar masa da hanya daga Akra zuwa Jidda ba tare da tsohuwa ta kwana a benci ba. In na kawo, ya duba ya ce in sake. Ba ya gaya maka inda ka yi kuskure. Kai za ka nemo.

Tikiti na farko da na rubuta na wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, za ta Kano. Ganye huɗu ne a manne, bayan kowanne da jan kabon, sai ka danna biro da ƙarfi yadda rubutun zai ratsa har na ƙarshe, amma ba da ƙarfin da zai huda na farko ba. Ba a gogewa, ba a karcewa. In hannunka ya zame, ganyen ya mutu, kuma sai ka je cikin gari ka yi bayanin yadda ya mutu ga mutumin da tun kafin ka buɗe baki ya ɗauke ka ɓarawo. Na rubuta ina gumi, Hajiya tana tsaye a kaina tana kallon biron kamar zan sace mata wani abu da shi. Da na gama ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta ce ita ba ta yarda da takardar da yaro ya rubuta ba, a kira mai gemu. Baba ya karɓa, ya hura masa iska, ya miƙa mata, ta tafi tana murna.

Haka masu zuwa wurinmu suke. Alhazai, mata 'yan goro, dillalan shanu, malamai masu zuwa ziyara. Su ma ba su yarda da mu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo ya taɓa tahowa tun daga Madina ta nan bayan Akra da ɗansa ɗan sakandare, wai a duba masa ko mun ƙara wa Kano nisa don mu ƙara kuɗi. Wata tsohuwa kuma sai da na rantse mata cewa direban jirgin ya san hanya.

Kayan aikin da ya fi kowanne daraja a ofishin nan ba littafin ba ne, ba kuma hatimi ba. Zare ne. Baba yana da babbar taswira a bango, ta yi ja don tsufa, da zare biyu rataye a ƙusa kusa da ita, fari da baƙi, kowanne da ƙulli-ƙulli a jikinsa. Shi ya ƙulla su da hannunsa bisa ma'aunin taswirar. A farin zare, daga ƙulli zuwa ƙulli tafiyar awa ɗaya ce ta babban jirgi. A baƙin, awa ɗaya ce ta ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ke zuwa garuruwan arewa. Ka ɗora bakin zare a gari, ka ja zuwa ɗaya garin, ka ƙirga ƙulli, ka ƙara ɗan lokacin tashi da sauka. Shi ke nan. Kuna dariya, amma zaren nan ya ceci mutane da yawa a unguwar nan, ciki har da kakannin wasunku.

Na ga aikinsa da idona ranar da wani mai kwat da jakar hannu ya shigo, yana ƙamshin turare, ya ce kamfaninsu zai fara jigila tsakanin Tamale da Wa, yana neman wakili a zango, unguwannin Hausawa, wanda zai sayar masa da kujeru. Ya baje takardu masu tambari, har da hoton jirgin. Baba ya saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ya yi masa tambaya ɗaya tak, kamar mai neman hira.

"Masta, daga Tamale zuwa Wa, awa nawa ne cikin wanga jirgi?"

"Awa biyu da rabi," in ji mutumin, ko ƙiftawa bai yi ba.

Baba ya yi masa godiya, ya ba shi goro, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya ciro baƙin zare ya ɗora a taswira. Ko ƙulli ɗaya bai cika ba.

"Ka gani, Salifu? Wanga bai taɓa shiga jirgi ba, da lori yake lissafi. Takarda ya iya ƙarya, sitam ya iya ƙarya, amma ƙasa bai iya ba."

Na ce to me ya sa bai ƙure shi ba, ya tambaye shi wane irin jirgi ne, ta ina yake bi. Baba ya harare ni.

"Tambaya guda ake mishi. In ka ƙara ta biyu, ka ba shi allura ya ɗinke ƙaryanshi, ya tafi wurin wani da ita a ɗinke. Ka tambaya guda, ka yi shiru, ka je ka auna."

Bayan wata biyu muka ji mai kwat ya samu wani wakili a Mamobi, ya kwashe abin da ya kwasa, ya ɓace. Tun daga ranar na riƙe dokar tambaya ɗaya kamar karatun sallah. Baba ya rasu a farkon shekarun tamanin, ya bar mini ofishin da taswirar da zaren, da kuma wannan doka.

Sai muguwar shekara ta zo, tamanin da uku. Iyayenku sun ba ku labarin yunwar, yadda ake bin layin burodi tun safe a tashi hannu wofi, da yadda aka koro mutanenmu daga Najeriya suka cika unguwa da katifu a ka. Abin da ba su gaya muku ba shi ne yadda ta yi wa sana'armu. Iyakokin ƙasa a rufe suke, mai son fita sai ta sama, kujeru kuwa sun yi kaɗan. Inda buƙata ta yi yawa nan ɓarayi ke taruwa. Tikitin jabu ya cika gari, wasu ma ganyen na gaske ne, sato shi aka yi. Ni kaina an sare ni sau ɗaya: na karɓi ganye a hannun wani da na sani shekara biyar, na rubuta wa wata baiwar Allah, aka mayar da ita daga filin jirgi da kayanta a ka. Ta zo ta zauna a ƙofar ofishina, ba ta zage ni ba, kuka kawai take yi, mutane suna wucewa suna kallona. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga ranar ko uwata ce ta kawo takarda sai na ɗaga ta a rana.

A cikin wannan hali Alhaji Bukar ya shigo, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Babban ɗan kasuwar albasa ne a Agbogbloshie, dattijo mai kusan saba'in, mutum mai ƙarancin magana. Asalinsa ɗan Balma ne, can cikin hamadar Nijar inda ake haƙo gishiri. Ya zauna, ya ciro takardar waya daga aljihu ya ajiye a teburina. Wansa Madu ne ba shi da lafiya, ciwon ajali ake zato, ya ce a kira masa Bukar.

"Malam Salifu," ya ce, "shekara talatin da ɗaya ba mu yi magana ba, ni da shi. A kan itatuwan dabinon babanmu muka ɓata. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa wa, na fito. Yanzu ya ce in zo mu yafi juna. Ka kai ni in same shi da rai, abin da nake nema ke nan."

Na buɗe littafi. Zuwa Agadas ba wuya: ya tashi Lahadi, ya kwana Abijan, Litinin ya shiga Yamai, Talata da yamma ƙaramin jirgi ya sauke shi Agadas. Daga nan littafi ya ƙare. Na duba gaba na duba baya, babu Balma. Alhaji ya ce ya sani. Direbobin Agadas da rufe iyaka ya ritsa da su a kasuwar albasa sun gaya masa manyan motoci biyu kan tashi tare ranar Laraba da sassafe, sau ɗaya a mako biyu, kuma Larabar nan mai zuwa ranarsu ce. Kwana biyar ko shida a cikin rairayi, in Allah ya kiyaye.

"Amma akwai wata magana," ya ce, ya waiwaya ƙofa. "Sidi, shigo."

Wanda ya shigo na san fuskarsa. Buzu ne dogo, siriri, mai gadin wani gida a layinmu, shekara biyu muna gaisawa daga nesa ban taɓa sanin sunansa ba. A masallaci ya ji an roƙa wa wan Alhaji addu'a, ya bi shi bayan sallah. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ƙi hawa kujera, ya ce kafin ya zo Gana aikin lodi ya yi a filin jirgin Agadas. Akwai wani ƙaramin jirgi da ke kai wasiƙu da magani da kayan ma'aikata Balma ranar Alhamis. Ba na fasinja ba ne, amma in akwai larura akan sa mutum ɗaya ko biyu a cikin kayan. Ƙanensa Ahamadu yana can yana lodin har yanzu, zai iya roƙa wa Alhaji wuri.

Kun ga inda maganar take. Mota Laraba, jirgi Alhamis. In Alhaji ya bi mota, zai kai bayan kwana shida. In ya jira jirgi kuma jirgin gaskiya ne, zai kai ranar Alhamis ɗin. In kuwa ƙarya ne, mota ta tafi, sai ya zauna Agadas mako biyu yana kallon rairayi. Marar lafiya ba ya jiran mako biyu.

Na dubi Sidi daga rawani har takalmi. Na tambaye shi nawa za a ba shi. Ya ce shi ba ya son komai, don Allah ya yi. Nan zargina ya ƙaru, don a shekarar nan na riga na koyi cewa wanda bai nemi kaɗan ba, duka yake so. Ruwa ba ya tsami banza. Sai na gyara murya na yi masa tambayata guda.

"Daga Agadas zuwa Balma, awa nawa jirgin yake yi?"

"Ni ban san awa ba," ya ce. "Shina tashi in an sallame asuba rana ta ɗan fito. Shina sauka Balma ana kiran azahar."

Na ce mun gode, Allah ya saka. Ya tashi ya koma bakin aikinsa. Na ciro baƙin zare, na ɗora a Agadas, na ja gabas zuwa ɗigon Balma. Ƙulli biyu, saura kaɗan ma. Awa biyu, a yi masa alfarma a ce biyu da rabi. Mutumin nan kuwa ya ba ni kusan awa bakwai. Kada ku ce ban yi tunanin tsayawa a hanya ba, na yi. Na bi zaren da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ina neman gari, ko ɗigo ɗaya babu, rawaya ce fetal. A ina zai tsaya, a kan tudun rairayi? Na ce a raina, ga ɗan'uwan mai kwat ya dawo da rawani.

Duk da haka ban tsaya nan ba. Asabar da safe na je babban gidan waya na bi layi, na buga teles, wato wayar rubutu, zuwa wani wakili da muke hulɗa da shi a Yamai, na tambaye shi jirgin Balma. Amsa ta zo kafin la'asar: babu jirgin fasinja zuwa Balma. Na ɗauki takardar na tafi gidan Alhaji a Mamobi, ina jin kaina kamar alƙali.

"Baba Alhaji, wanga magana babu shi. Na auna, na kuma buga waya. Ka bi lori."

"Ka tabbata, Malam Salifu? Mutumin bai yi mini kama da maƙaryaci ba."

"In ya yi kama da maƙaryaci wa zai yarda da shi? Irinsu biyu-biyu suke aiki. Guda ya nan, guda ya can. Kana sauka Agadas wani zai zo ya ce shi ne Ahamadu, ya ɗauki jakarka, ya kai ka masauki, ya riƙe ka da daɗin baki har lori ya tashi. Daga nan sai yadda suka yi da kai. In ka ji ana neman baƙon Akra, kada ka amsa. Ka wuce tasha kai tsaye."

Alhaji ya ja casbinsa. Can ya ce, "Kai ne mai sana'a. Abin da ka ce shi zan yi."

Ya tashi ranar Lahadi. Na raka shi filin jirgi da kaina, na ga ya wuce, na dawo ina yaba wa kaina.

Ranar Litinin Sidi ya leƙo ofis. Ya ce ya je gidan waya ya samu Agadas, ya gaya wa Ahamadu, an yi wa Alhaji wuri, har an aika Balma ta rediyon ma'aikata cewa yana tafe Alhamis. Na ce to, madalla, ban ɗago daga littafi ba. Bayan mako guda ya sake dawowa, fuskarsa a dame, ya ce Ahamadu ya jira a filin jirgi ranar Talata har kowa ya watse bai ga Alhaji ba, ko lafiya? Na ce masa Alhaji ba yaro ba ne, ya san hanyar garinsu. Sai ya juya ya tafi. Da yamma a wurin mai shayi na ba da labarin yadda na kama wani Buzu da zare, aka yi ta dariya, wani ya ce Baba Mumuni bai mutu ba. Kafin sati ya zagayo, layinmu duka sun san mai gadin gidan can ɗan damfara ne. Na lura ya daina zuwa masallacin layin, na ce kunya ce ta kama shi.

Alhaji ya yi wata biyu bai dawo ba. Ranar da ya dawo ina cikin rubuta tikiti, na ji sallama, na ɗago na gan shi a ƙofa. Ya rame, ya yi baƙi, leɓensa duk ya tsage. Na tashi na ba shi kujera, na aika a kawo ruwa. Muka gaisa, na tambayi hanya. Ya ce hanya alhamdu lillahi. Ya dubi taswirar da ke bango ya daɗe, sannan ya tashi ya je gabanta.

"Zo in nuna maka wani abu, Malam Salifu, don gaba."

Ya ɗora yatsa a Agadas. Maimakon ya yi gabas, sai ya yi arewa.

"Nan yake fara zuwa, garin masu haƙar ma'adini, ya sauke wasiƙu. Ya tashi ya faɗa cikin duwatsun nan, akwai wani ɗan gari, ya sauke magani. Daga nan ya miƙe can sama, wurin da sojoji suke, taswirarka ma ba ta sa shi ba. Nan ake shan mai, a sha shayi. Sannan ya gangaro Balma ta arewa. A cikinsa na dawo, ta hanyar da ya zo ya koma. Kan buhun wasiƙu na zauna."

Zaren yana rataye a ƙusa kusa da kafaɗarsa. Ni na auna hanyar da tsuntsu zai bi, jirgin kuwa hanyar aikinsa yake bi, kamar motar kasuwa mai tsayawa kowane ƙauye. Da littafi ne ya kawo mini shi, da na ga lamba uku a gefe na gane. Idona ya saba neman lambar nan a takarda, bai saba nemanta a bakin mutum ba. Maƙaryaci da ya ba ni awa biyu cif, don ita ce ta yi kama da gaskiya. Sidi ya ba ni abin da ya gani da idonsa shekara da shekaru, kuma kalma huɗu ce ta raba ni da sani: yana tsayawa a hanya? Ban tambaya ba, don an koya mini kada in tambaya.

"Na ga Ahamadu a Agadas ranar Talata," in ji Alhaji, ya koma ya zauna. "Yaro mai kama da wansa. Yana bin fasinja ɗaya-ɗaya yana cewa ina baƙon Akra, ina Alhaji Bukar. Ya zo gabana ya tambaye ni. Na ce ban san shi ba."

Na kasa kallonsa. Na tambaye shi labarin motocin.

"Ɗaya ta karye a kwana na uku. Ba a barin mota ita kaɗai a wurin nan, sai muka zauna tare. Kwana tara muka yi."

"Kun gana?" Na san amsar, amma dole in tambaya.

"Ya rasu Lahadi. Na iske an yi kwana biyar da rufe shi."

Na yi masa ta'aziyya da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Na fara cewa Baba Alhaji, laifina ne, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce kwana ya ƙare, ba ni na rubuta ba, kuma ya san don kare shi na yi. Wallahi da ya zage ni, ko ya ɗaga sandarsa ya buga mini, da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har yau kuma ba ta gama sakina ba.

Ya sha ruwa, ya ajiye kofin a hankali.

"Saƙon Sidi ya kai, ka sani. An gaya wa Madu ina cikin jirgin Alhamis. Matarsa ta ce tun safe ya sa aka yi masa wanka, aka sa masa rigarsa ta Idi. Da aka ji ƙarar jirgi wajen azahar, ya ce a fitar da shi ƙofar gida, ba ya so in same shi a kwance. Aka jingina shi da bango, aka aiki yara su taro ni. Yaran suka dawo suka ce buhuna kawai aka sauke. Ya ce a'a, Bukar ya tsaya gaisawa da mutane ne, shekara talatin ba wasa ba, a bar shi. Yana nan zaune har aka kira magariba, sannan ya yarda aka mayar da shi ɗaki."

Keken telan da ke gaba yana ta ƙara, wata mata tana tallan koko a titi. Tikitin da nake rubutawa yana buɗe a teburi, biro a kansa.

Can Alhaji ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Ka san gidan da Sidi yake gadi?"

Na ce na sani, gida na huɗu ne daga nan.

"To tashi ka raka ni. Ya kashe kuɗinsa a gidan waya saboda ni, ban yi masa godiya ba."

Na rufe ofis da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Mutanen layi suna zaune a wurin mai shayi, waɗanda na ba labarin Buzu suka yi dariya, duk suka bi mu da kallo. Alhaji yana gaba, ni ina baya, har muka isa ƙofar. Sidi yana zaune a tabarmarsa, ya hango mu, ya miƙe tsaye yana gyara rawani, ya ce, "Alhaji, ka same shi?"